Huhu 22 da Alhajinmu ya bari a ɗakin wani babalawo

Ni a Sabon Shagamu aka haife ni, can jihar Ogun, a 1985, kuma har na kai shekara 14 ban san wani gari da zan ce namu ba sai nan. Hausa da Yarbanci tare na tashi da su a baki, in faɗa ya haɗa ni da yara a layi ma Yarbancin ne yake fara fito min. Alhajinmu goro yake saya yana turawa Kano, tun yana saurayi ya sauko kudu da kwandonsa, a nan ya yi aure a nan ya haife mu mu shida. Abin da na fi tunawa na yarinta shi ne ƙamshin ɗanyen ganye a zauren gidanmu, an baje goro ana tsinta, fari daban ja daban, marsa gefe guda ƙanana gefe guda, wanda sankara ta taɓa a jefar da shi nesa don ƙwaya ɗaya sai ta lalata huhu guda.

Cikin mutanen da Alhaji yake sayen goro a hannunsu akwai wani dattijo a wani ƙauye bayan gari, yana da gonar goro babba, kuma babalawo ne, wato malamin duba da ake kira Ifa a addinin gargajiya na Yarbawa. Ba zan faɗi sunansa ba, Baba muke ce masa, matarsa kuma Iya. Ina yawan raka Alhaji gidan a bayan babur. Na sha leƙawa ɗakinsa in gan shi zaune a tabarma da farin zane, ga faifan katako zagayayye mai sassaƙa a gefe an barbaɗa masa wani gari rawaya, ga wata sarƙa mai ɓawon 'ya'yan itace guda 8 da suke kira opele, yana jefa ta ƙasa yana karanto wasu dogayen baituka da ka, mutumin da ya zo yana durƙushe yana saurare. Tsoro nake ji amma kuma ƙafata ba ta iya barin ƙofar.

Inna ta kafa mana doka, kada wanda ya kuskura ya ci nama a gidan nan, kuma mun kiyaye. Shi ma Baban ya sani, bai taɓa miƙo mana ba, sai dai ayaba da lemo da dafaffiyar masara. Wata rana a hanyar dawowa nace wa Alhaji me yasa yake abota da mai tsafi, sai yace min, kai yaro, addininsa nasa ne ni ba ruwana da shi, amma shekara 20 muna ciniki da mutumin nan bai taɓa cusa min ruɓaɓɓen goro a ƙasan kwando ba. Daga nan bai ƙara komai ba. Ko goron ma ba iri ɗaya muke so da su ba, mu mai ɓari biyu muke saya wanda suke ce wa gbanja, su kuwa na addu'arsu shi ne obi abata, wanda muke kira hannun ruwa, mai ɓari uku ko huɗu, shi suke fasawa su watsa su duba yadda ya kwanta.

Sai watan Yulin 1999, Obasanjo bai cika wata biyu a mulki ba. Lokacin bikin Oro ne. Wanda bai zauna ƙasar Yarbawa ba ba zai gane abin ba, da dare ne za ka ji wani irin gurnani yana tashi yana sauka kamar iska tana kuka, wani falankin katako ne ɗaure da igiya ake wulwulawa, su a wurinsu muryar magabata ce take zagaya gari, kuma mace ba ta isa ta gani ba, baƙo ma haka, kowa ya kulle ƙofa. Mun saba da shi, duk shekara Inna takan tara mu ɗaki ta kashe fitila. A wannan shekarar aka ce wata Bahaushiya ta fita da dare, aka kashe ta, kafin gari ya waye sosai Sabo ta kama da wuta. Ba zan iya ba da labarin ranar nan dalla-dalla ba, har yau in na fara ƙirjina yake toshewa. Yayana, babbanmu, ya fita ya dubo shagon Alhaji, bai dawo ba. Sai bayan kwana biyu aka kawo shi. Shagon ya ƙone ƙurmus da duk abin da ke ciki.

A bayan tirela muka taho arewa, mu da mata da yara da masu rauni, Inna ba ta ce uffan ba tun daga Shagamu har Kano. Muna isa kuma Kano ta ɗauka, aka far wa Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu, da na ga hayaƙi yana tashi daga shagunansu daɗi naji a raina, wallahi daɗi naji, ina yaro ɗan shekara 14. Allah Ya yafe min.

Ba mu zauna Kano ba, ƙauyen su Alhaji muka wuce, wurin da mu yaran ba mu taɓa zuwa ba, ana mana dariya wai Hausarmu ta Yarbawa ce. Alhaji bai ƙara zama daidai ba. Mutumin da yake loda mota guda ya koma zaune a gindin bishiya yana jan carbi, hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, a 2001 Allah Ya karɓi abinsa. Ni kuwa a zuciyata na gama yanke hukunci, tsafin Yarbawa ne ya kashe min wa ya kashe min uba, duk wanda yake wannan addinin maƙiyina ne, kai har Yarbawan da muke sallah tare da su ban ware ba.

Na shigo Kano na fara dako a kasuwar Mariri, daga dako na koma tsintar goro tunda na iya tun ina ƙarami, a hankali wani maigida ya yarda da ni ya fara ba ni kuɗi in je kudu in yo masa saro. Shagamu dai na rantse ba zan taka ba, sai na riƙa yin wajen Ondo da Ilesha. A nan Yarbancina ya zame min jari, matan da ke sayar da goro in sun ji Gambari, yadda suke kiran Bahaushe, yana zuba Yarbanci har da karin magana sai su saki jiki, su ce wannan ai ɗanmu ne. Suna ba ni kaya bashi in kai in sayar in dawo in biya. Shekara biyu ina biya daidai. A 2011 na karɓi kaya a hannun mata uku a kasuwanni daban-daban, ɗaya na naira 150,000, ɗaya 120,000, ɗaya 90,000, na loda, na cire layin wayata na karya na jefar, na canza kasuwa. Ba kuskure ba ne, da niyya na yi, na daɗe ina shirya shi. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ai arna ne, sun ci namu, kaɗan na karɓo daga dukiyar ubana. Alhali ɗaya daga cikinsu ma Alhaja ce, na sha ganinta tana alwala a bayan rumfa.

Da kuɗin na ƙara jari na yi aure, naga kamar na ci bulus. A watan Satumban 2012 na yi lodi mafi girma a rayuwata, kuɗina duka da na maigidana da na wasu mutum biyu da suka ba ni juyi. Muka biyo ta Okene, muna zuwa Lokoja aka ce ruwa ya shanye hanyar Abuja, shekarar babbar ambaliyar nan ce da kogin Kwara da Binuwai suka cika suka tumbatsa. Motoci sun yi layi iya ganinka. Kwanaki muka yi a wurin cikin zafi, goro kuwa ba ya son zafi ba ya son a matse shi, ina zaune a kan kaya ina jin ɗumi yana tasowa daga cikin huhunan, na zura hannu naji kamar tukunya. Kafin mu zagaya mu isa Kano fiye da rabi ya dafe ya yi baƙi, sauran kuma aka saya a wulaƙance.

Daga nan komai ya zube. Masu kuɗi suka taso ni gaba, maigidana yace ba ya son ƙara ganina, na sayar da babur da katifa da duk abin da zai sayu, matata da jaririyarmu iyayenta suka zo suka tafi da su kuma ban ga laifinsu ba don ko kunu ba na iya kawowa. Barci ya ƙaurace min. In na rufe ido ba masu bina bashi na Kano nake gani ba, fuskar matan nan uku nake gani, musamman ƙaramar cikinsu mai 90,000 wadda take goyon yaro ranar da ta ƙirga min kaya. Amma ko a lokacin ban yarda na yi laifi ba, cewa nake asiri suka yi min.

Farkon 2013 yunwa ta karya rantsuwata, na hau mota na tafi Shagamu neman aikin tsinta inda ba mai bina bashi. Kwana huɗu da zuwana ina zaune a Sabo wani tsohon direba ya tsaya yana ta kallona, yace kai ba ɗan Alhaji wane ba ne, fuskar nan ba ta ɓuya. Nace ni ne. Ya riƙe baki yace ikon Allah, akwai wani tsoho Bayarabe da yake nemanku shekara da shekaru, duk motar da za ta Kano sai ya aiko a tambaya, amma ba wanda ya san ƙauyenku. Gabana ya faɗi, na ɗauka bashi yake bin Alhaji. Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin na hau acaɓa na tafi.

Gidan yana nan yadda na san shi sai dai ya tsufa. Baba ya rame idonsa ya yi fari ba ya gani sosai. Na durƙusa na gaishe shi da Yarbanci na faɗi ko ni waye, sai ya miƙo hannu biyu ya shafa fuskata tun daga goshi har gemu, yace omo mi, wato ɗana, ina babanka. Nace ya rasu tun 2001. Ya daɗe bai yi magana ba, hawaye yana bin kuncinsa. Iya ta fito ta zauna a ƙasa tana kuka tana kiran sunan yayana, ashe ba ta manta ba. Can sai Baba ya kira jikansa yace ɗauko littafin Alhaji.

Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, bangon ya yi laushi an naɗe shi a leda. Ashe kwana uku kafin rikicin Alhaji ya sayi goro a hannunsa ya biya, aka ɗaure huhu 22, ya bar su a ɗakin ajiyar Baba kafin mota ta samu. Mu ba mu sani ba, shi kuma Alhaji ina jin ya ɗauka sun tafi tare da sauran. Iya ce ta riƙa kwance su tana canza ganye tana tsince wanda ya lalace wata da watanni, da suka ga shiru suka sayar lokacin da ya zama daushe ya yi tsada. Kuɗin kuma Baba yace ba za a bar shi kwance ba, Iya ta riƙa juya shi a cinikinta, duk shekara jikan ya rubuta uwar kuɗi nawa riba nawa, an cire mata ladan wahala an rubuta shi a fili. Shekara 14, shafi bayan shafi, rubutun yaron ma kana gani yana girma. Abin da ya taru naira 640,000 ne.

Ban iya godiya ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, Baba me yasa, ba wanda ya sani fa. Sai yace ba wanda ya sani kamar yaya, Olodumare fa. Olodumare ko Olorun shi ne sunan da suke kiran Mahalicci da shi, mai sama, ba su yi masa gunki ba su gina masa ɗaki, orisha irin su Ogun da Shango da Oshun da Obatala a wurinsu 'yan aike ne a ƙarƙashinsa. Yace aye l'oja, orun n'ile, duniya kasuwa ce lahira ce gida, kai ɗan kasuwa ne ka sani duk wanda ya ci kasuwa zai koma gida a buɗe kayansa a gani. Yace abin da za a duba a kayan nan iwa ne. Iwa shi ne hali. Yace mu a wurinmu iwa l'esin, hali shi ne addini, mutum ya yanka akuya ɗari wa orisha in halinsa ba kyau wahalar banza yake, kuma hali hayaƙi ne, ko ka rufe shi da kwando sai ya fito. Jikina ya yi sanyi don ji na yi kamar ya san abin da na aikata.

A daren zazzaɓi ya rufe ni, na kasa tashi, sai da na yi kusan sati uku a gidan. A nan naga abin da har in mutu ba zan manta ba. Iya ta aika aka sayo sabuwar tukunya da sabon cokali saboda ni, nama kuma sai daga wurin mahauci Bahaushe a Sabo. Aka ba ni buta da tabarma mai tsabta, jikan ya nuna min gabas. Da asuba Baban da kansa yake buga min ƙofa da sandarsa yace omo mi tashi, 'yan uwanka sun kira sallah.

Da na fara samun sauƙi muke zama da yamma a ƙofar ɗakinsa. Ranar farko na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, nace Baba addinin da yake koya muku wannan halin shi ne kuma ya kashe min ɗan uwa. Bai yi fushi ba kuma bai kare kowa ba. Yace odu, wato babukan Ifa, 256 ne, manya 16 sauran daga cikinsu suka fita, tun yana yaro yake haddar baitukansu har ya tsufa bai ƙare ba, amma bai taɓa cin karo da inda aka ce ka ƙone shagon maƙwabcinka ba. Yace waɗanda suka yi aikin nan ba omoluabi ba ne, wato ba mutanen kirki ba ne, ko da su ne suke riƙe da Oron. Daga baya a bakin jikan naji cewa a kwanakin rikicin leburori Hausawa biyu Baba ya ɓoye a bukkar gonarsa yana kai musu abinci da dare, shi bai taɓa faɗa min ba. Ni dai har yau ban yarda da al'adar da za ta kulle mata a ɗaki har a zubar da jini a kanta ba, kuma na gaya masa haka, ya gyaɗa kai kawai.

Wata rana ina ta kukan ni ba ni da sa'a, duk abin da na taɓa sai ya lalace, sai ya ba ni labarin ori. Ori shi ne kai, amma ba wannan da ake sa wa hula ba, kai na ciki, rabon da mutum ya zo da shi. Sun yi imani kafin mutum ya zo duniya yana zuwa gidan wani magini mai suna Ajala da yake gina kawuna da yumɓu ya zaɓi kansa, in ya iso duniya ya manta abin da ya zaɓa. Yace abokai uku suka taso za su duniya, biyu suka yi gaggawa suka shiga gidan Ajala ba ya nan, ya ɓuya saboda mai binsa bashi, suka ɗauki kawuna masu sheƙi ashe ba su gasu ba, ruwan sama na dukansu a hanya suka fara narkewa, suka zo duniya suna ta wahala duk abin da suka samu yana tafiya wajen toshe ɓaraka. Na ukun, Afuwape ɗan Orunmila orishan Ifa, da ya tarar da mai bin bashi zaune a ƙofa sai ya biya wa Ajala bashin, Ajala ya sauko daga inda ya ɓuya ya zaɓar masa kai gasasshe da hannunsa. Yace amma ko kai mai kyau sai da ƙafa, ese, in ba ka taka ba ba inda zai kai ka, kuma mugun hali yana lalata kai mai kyau. Ni Musulmi ne, na san ƙaddara a hannun Allah take Shi kaɗai, ban ɗauki labarin a matsayin aƙida ba. Amma maganar bashin nan ta tsaya min a wuya kamar ƙaya.

Abubuwa da yawa na ji a zaman nan da suka saɓa da abin da nake ɗauka. Eshu da kowa yake fassarawa da Shaiɗan yace su ba haka suka san shi ba, ɗan aike ne mai kai saƙo da sadaka tsakanin mutane da orisha, mai tsayawa a mararraba yana gwada mutum. Obatala mai farin kaya kuma suna cewa shi yake ƙera jikin mutum, wai ya taɓa shan bammi ya bugu hannunsa ya karkace ya ƙera masu naƙasa, da ya farfaɗo ya rantse ba shi ba bammi, shi yasa mabiyansa ba sa sha, kuma zabiya da mai ƙusumbi da gurgu eni orisha ake ce musu, mutanen orisha, ba a yi musu dariya. Sau ɗaya ya ce ko ya duba min Ifa, nace a'a Baba addinina ya hana, yace toh shikenan, bai ƙara tayar da maganar ba har muka rabu.

Ana saura kwana biyu in tafi na kasa riƙewa, na gaya masa komai, matan nan uku, kuɗin, layin da na karya, har dalilin da nake ba kaina. Ina magana ina kallon ƙasa. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya fara ba ni labarin Iwa, yace mace ce, 'yar Suuru wato haƙuri, shi yasa suke cewa suuru ni baba iwa, haƙuri ne uban hali. Orunmila ya aure ta, arziki ya zauna masa, sai ya fara ganin aibunta yana ƙorafi har ya kore ta. Tana fita gidan ya watse, masu zuwa suka daina zuwa, ya bi duniya gida-gida yana nemanta har sama. Yace omo mi kai ma ka kori taka, ba asiri aka yi maka ba. Yace in mutum ya zo min da irin wannan ko ebo nawa zai yi, wato sadakarsu ta yanka, ba za ta wanke shi ba sai ya mayar da kayan mutane. Ga kuɗin babanka nan, halal ɗinsa ne da guminsa, ka san inda za ka fara. Kalmar halal ɗin ma da bakinsa ya faɗe ta, a wurin Alhaji ya koya.

Na koma Sabo na samu wani malami bayan sallar isha'i na ba shi labari ba tare da na ɓoye komai ba. Yace min ɗan uwa ai wannan ba sai ka tambaya ba, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ranar da zai yi hijira mushirikan Makka suna neman ransa amma ya bar Sayyidina Ali a baya don ya mayar musu da ajiyarsu. Yace wa ya gaya maka dukiyar wanda ba Musulmi ba halal ce a gare ka, kuma ka manta Annabi yace an aiko shi ne don ya cika kyawawan halaye. Na yi kuka a masallacin nan kamar yaro. Abin da yake cikin addinina tun farko, na yi shekaru ina sallah a kansa ban gani ba sai da wani tsoho mai opele ya nuna min da littafin firamare.

Kuɗin na gado ne ba nawa ni kaɗai ba, don haka sai da na je gida na zauna da Inna da ƙannena. Da Inna taji labarin Iya da canza ganye sai ta rufe fuska da mayafi, karon farko da naji ta ambaci Shagamu tun 1999. Tace ɗauki abin da za ka biya mutane, ka biya ƙannenka a hankali.

Alhajar na fara samu. Na durƙusa a gaban rumfarta kasuwa ta taru a kaina, wasu suna cewa a kira 'yan sanda, ta ƙirga kuɗinta tsaf sau biyu ta ɗaure a bakin zane, tace tashi ka tafi, ba ta ƙara ko kalma ba. Ta biyun ta zage ni zagin da ban taɓa ji ba kuma duk na cancanta, tace saboda ni ta kasa zubin adashi aka fitar da ita, 'yarta ta bar makaranta shekara guda. Na ƙara mata 30,000 a kai na ce ta yafe min, tace ta karɓi kuɗi, yafiya kuma sai ta yi tunani. Bayan shekara biyu ita ce ta fara sake ba ni kaya bashi, kuma har yau muna ciniki. Ta ukun mai goyon nan ban same ta ba, aka ce ta tashi daga kasuwar tun 2012, wasu suka ce mijinta ya rasu ta koma garinsu.

Sauran bashin Kano sai da na yi shekara huɗu ina biya, kaɗan-kaɗan, akwai ranar da nake ji kamar in gudu, sai in tuna Baba yana cewa suuru le se okuta jinna, ni kuma ina ce masa ai mu ma muna da ita, mai haƙuri shi ke dafa dutse, yana dariya yana cewa to wa ya ara a wurin wani. Matata ta dawo a 2014. Duk saron da naje sai na tsaya na gaishe da Baba, in kai masa gero da kilishi da yake so. Ya rasu a 2016, naje na tsaya daga nesa lokacin da suke nasu al'adun, da aka gama na shiga na yi wa Iya gaisuwa, ta ba ni littafin nan tace naka ne. Yana cikin akwatina, wani lokaci in ɗauko in nuna wa yarana.

Yanzu ina da 'yar rumfata a Mariri, ba ni da yawa amma ina barci. Kuɗin mata ta ukun na daina lissafa shi da naira tunda naira ta lalace, da goro nake lissafawa, kwando nawa ta ba ni a 2011, nawa yake a yau, haka nake ware shi duk shekara. Zuwana na ƙarshe wata tsohuwa a kasuwar tace tana jin ƙanwarta tana sayar da kaya a Akure, ta kwatanta min unguwar. Bayan sallah in Allah Ya kai mu can zan fara sauka kafin in wuce saro.